Baƙuwar da Ta Ci Abinci a Rumfar Mama

Na ga saƙonninku, masu tambaya ko lafiya da masu cewa da gangan nake ja muku rai. Ba jan rai ba ne. Tun jiya nake ɗaukar wayar nan ina ajiyewa, na rasa ta inda zan fara. Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Maricielo, a gida Cielo ake ce mini, ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jinya a nan Chiclayo. Mahaifiyata, Doña Edelmira, ita ce mai rumfar abinci a bakin ƙofar jami'armu. Gilmer kuwa, wanda na cika muku kunne da labarinsa, a cikin jami'ar yake aiki, shi ne mai kula da ingancin karatu. Ranar Lahadin nan aka tsayar zai zo da iyayensa su nemi aurena a wurin Papa. Ku riƙe Lahadin nan a ranku, don a kanta hankalin gidanmu duka yake.

Jami'armu tana da dogon suna har da na waliyyi a ciki, amma in ka faɗa wa mai keke wannan sunan sai ya tsaya yana kallonka. Jami'ar Don Hildebrando kowa yake cewa, don shi ya gina ta da ribar injinan casar shinkafarsa. Bana dai lokaci ya zo kanmu: masu tantancewa za su zo daga Lima, babban birnin ƙasarmu, su duba ko mun cika sharuɗɗa. Jami'ar da ta cika a ba ta lasisi, wadda ba ta cika ba a rufe ta. Mun ga yadda aka yi da wasu. Wata ƙawata har ta ɗinka rigar bikin gama karatu, yanzu katin waya take sayarwa a kasuwa, tana jiran wata jami'ar ta karɓe ta ta mayar da ita aji biyu.

Mu kuwa, tsakanina da ku, ɗakin koyon aikinmu gadaje biyu ne da wani tsohon mutum-mutumin roba mai hannu ɗaya da muke kira Don Pancho. A jikin lemo muka koyi allura, daga nan muka koma hannun juna. Ranar da aka fara tura ni asibiti koyon aiki, wata babbar nas ta ce in haɗa wa majiyyaci na'urar auna bugun zuciya, na tsaya riƙe da wayoyi ina juya su. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓa kawai ta ce, ai daga jami'ar Don Hildebrando kike ko? Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

To sai ga shi a makon jiya manyan motoci sun fara shigowa ta ƙofar baya. Gadaje masu ɗagawa da kansu, kwalbar jarirai, na'urori masu ƙyalli, akwatunan littattafai, da wasu mutum-mutumi masu numfashi, har tari suke yi in an danna musu wani wuri. Duk na wata kwaleji ne a Trujillo, wadda mai ita shi ne uban baftismar ɗan Don Hildebrando. Aro aka yi, ranar Asabar a mayar. Aka yi fenti har jikin itatuwa, aka jera tukwanen furanni, aka kulle Don Pancho a sito. Wanda ya tsara komai tun daga lodi har saukewa, Gilmer ɗina ne.

Kada ku yi saurin zaginsa. Gilmer ba mugu ba ne, mutum ne da ya saba a ba shi ɓaraka a ce ya ɗinke kafin gari ya waye. Ɗan mai gyaran takalmi ne, da gumi ya yi karatu, kuma wannan ne aikinsa na farko mai ofis da kujera mai juyawa. Shi ya zaɓi ɗaliban da za su zauna da masu tantancewa, ya sa sunana a ciki, ya kawo wani daga Trujillo ya koya mana danne-dannen na'urorin. Sannan ya ba mu maganar da za mu haddace: tun aji biyu muke aiki da kayan nan, kowane mako.

Da na koma gida ran nan na rubuta masa: “Gilmer, ni fa bakina ba zai iya faɗin abin nan ba.”

Ya amsa nan take, kamar yana jira: “Sarauniyata, aro ne ba sata ba. Lasisi na fitowa banki zai ba da kuɗi mu sayi namu.”

“Haka aka ce shekarar da na shiga.”

“Wannan karon ni ne a wurin. Ki tuna yaran da ke bayanki. In aka rufe, ina za su?”

Na ajiye wayar. Sai ya turo hoton wani ƙaramin akwati ja a tafin hannunsa, a rufe, ya rubuta a ƙasa: “Lahadi.” Ni kuma, marar zuciya, na yi ta kallon hoton ina murmushi ni kaɗai. Ina son mutumin nan, shi ne matsalata.

Mama ba ta tsaya lallashi irin nasa ba. Jiya da safe na fito na tarar ta riga ni guge farar rigar aikina, ta rataye ta a jikin ƙofa kusa da rigar Lahadi, wata mai ruwan zuma da ta sa aka ɗinka mini da leshi a wuya, wadda ta rufe da leda don kada ƙuda ya sauka. Falonmu ma ya canza tun makon jiya. An cire robar da ke kan kujeru tun ina firamare, an wanke labule, an goge hoton Gicciyen Motupe, wanda mutanen yankinmu suke girmamawa, har yana ɗaukar ido, an aro kofuna masu ƙafa daga maƙwabta. Tana ɗaure mini gashi tana ja kamar da shi take faɗa, tana kuma zuba mini huɗuba. Wai ta tsaya a gaban wuta shekara da shekaru don in zama nas, ba don in je in yi wa baƙi wa'azin gaskiya ba. Wai yaro mai hankali mai albashi ya zo har gida, in na kunyata shi a gaban mai gidansa to in nemi wata uwar.

“Abin da ya koya miki shi za ki faɗa, ba ƙari ba ragi,” in ji ta. “Mutanen Lima ɗin nan na san irinsu. Farare, dogaye, da kwat da turare, suna tafiya suna toshe hanci. Su zo su rufe mana makaranta su koma su ci abincinsu a otal. Ko gaisuwa kada ki yi musu mai tsawo.”

Na dubi Papa ko zai ce wani abu. Ya ƙara muryar rediyo, ya ci gaba da tsoma burodi a kofi.

A sabon ɗakin koyon aikin aka tara mu, mu kaɗai, don ƙa'idarsu ce ba malami ba ma'aikaci in suna magana da ɗalibai. Maza biyu ne da mace ɗaya. Mazan dai kamar Mama ce ta zana su. Macen ce ta ba ni mamaki: gajeriya, baƙa, da doguwar kitsattsiyar jela har gadon baya, harshenta na mutanen tsauni sak. Ta sa kwat mai ruwan toka, da kati rataye a wuya. Doctora Nélida sunanta, kuma ba a daɗe ba na gane ita ce shugabarsu, don in ta buɗe baki mazan shiru suke yi.

Ba ta da tsawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tambaye mu yadda malamai suke zuwa aji, da ko ana dawo mana da takardun jarrabawa mu ga kuskurenmu, da inda muke kai ƙara in an zalunce mu. Sai ta karanta sunana a ƙirjin rigata ta ce in nuna mata yadda ake haɗa na'urar bugun zuciya. Na haɗa tsaf. Ta gyaɗa kai.

“Tun yaushe kuke aiki da waɗannan, Maricielo?”

“Tun aji biyu, Doctora. Kowane mako.”

Ta dube ni, ta rubuta, ta ce madalla. Shi ke nan. Ƙasa ba ta tsage ba, rufi bai faɗo ba. Na fito sauran ɗalibai suna ta rungumar juna, Gilmer ya hango ni daga ƙarshen baranda ya ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa bakina ɗaci yake, na wuce banɗaki na kurkure shi, bai daina ba.

Akwai wata ƙa'idar tasu da ya kamata ku sani. Masu tantancewa ba sa karɓar komai daga jami'ar da suke dubawa, ko ruwan sha. Don Hildebrando ya sa an shirya musu liyafa a ofishinsa, suka yi godiya suka ƙi. Da rana ta yi mazan suka shiga motarsu suka tafi otal. Ni ban damu da inda kowa ya nufa ba, na ɗaura atamfar aiki a kan farar rigata na zagaya bayan rumfar Mama, don lokacin cin abinci ni nake taya ta wanke faranti.

Ina tsugune a gaban baho ina jin muryarta daga gaba, ta samu abokiyar hira. Wanda ya san Mama ya san in ta ga sabuwar fuska sai ta mayar da ita kwastoma, kuma makaminta biyu ne: gyara da labari. Na ji tana cewa, “Ci, mamita, ci. Ga ƙarin wake, ga rogo, wannan gyara ce. Ku mutanen tsauni dankali kawai kuka sani, yau ki ji yadda ake dafa akuya.” Mamita take kiran duk macen da ta zauna a bencinta. Na yi dariya a raina, na ɗauko faranti na zagayo.

Sai na gan ta. A ƙarshen benci, tsakanin wani mai keke da 'yan aji ɗaya, Doctora Nélida ce zaune da farantin shinkafa da wake da naman akuya a gabanta. Zafi ya sa ta cire kwat ɗin ta cusa a jaka tare da katin wuyan, ta rage daga ita sai wata 'yar riga mai sauƙi da takalmin yawo. In ba ka gan ta da safe ba, za ka rantse uwar wani ɗalibi ce ta sauko daga ƙauye kawo masa cuku. Na tsaya riƙe da faranti.

Mama ta tambaye ta ko tana cikin matan da aka ɗauko su kawo tukwanen furanni. Ta ce a'a, wani aikin ne ya kawo ta. Mama ba amsa take jira ba, ta riga ta hau.

“Ai makon nan kowa ya ci aiki. Surukina ma, to, saura kaɗan ya zama, yaron nan ko barci bai yi ba. Shi kaɗai ya je Trujillo ya aro musu kayan asibitin nan kaf, ya tsaya a kan lodi, ya tsaya a kan saukewa.”

“Mama,” na ce, “ana neman canji a can.”

“Su jira. Ga ta nan, mamita, ita ce amaryar. Cielo, gaida mutane mana, kin tsaya kamar an dasa ki.”

Doctora ta ɗago, idonmu ya haɗu. Ta gane ni, ba ko shakka. Ta ajiye cokali, kuma zan faɗi gaskiya a kanta, ta yi ƙoƙari. Ta ce, “Doña, kafin ki ci gaba, bari in gaya miki ko ni...”

“Ci abincinki, kada ya huce. Ai ba a gama ba, ranar Asabar kuma shi zai mayar da su, kafin masu kayan su fara ƙorafi. Ya dawo a gajiye, Lahadi ya sa kwat ya zo neman aure. Kin ga namiji ko? Duk don waɗancan masu toshe hancin na Lima su gani su tafi su bar mu lafiya. Yaran nan da lemo suka koyi allura, ni nake ba su lemon ma, kuma ga su nan garau.”

Na taka mata ƙafa. Ta ce wai ni makauniya ce, ban ga ƙafar mutum ba? Na saki faranti ɗaya da gangan ya fashe, ta ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan, ta aika ni ɗauko tsintsiya. Kafin in dawo ta kai ga labarin Don Pancho da hannunsa ɗaya, har 'yan aji ɗayan nan suna ƙyalƙyala dariya, don su ma ba su san wadda ke zaune kusa da su ba.

Doctora ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta cinye abincinta tas, ta shanye ruwan baƙar masararta, ta tambayi kuɗi. Da za ta biya ta ce a haɗa da na ƙarin waken. Nan Mama ta ɓata rai, ta ce a ina aka taɓa biyan gyara, ko a tsauni haka ake yi? Matar ba ta yi gardama ba, ta faki ido ta tura tsaba ƙarƙashin faranti. Da ta zo wucewa ta gabana ta ɗan tsaya.

“Abincin mahaifiyarki da daɗi, Maricielo,” ta ce a hankali.

Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Tausayi na gani. Ta ratsa titi ta nufi ƙofar jami'a, tana tafe tana ciro kwat daga jaka, amma Mama ta riga ta juya tana zuba wa wani. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai ina matar ta san cikakken sunana. Na nuna mata ƙirjin rigata. Ta ce mace mai kirki, sai dai ba ta iya karɓar alheri ba.

Za ku ce me ya hana ni gaya mata a take. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Amma layi ya kai bakin titi, ita kuma tana zuba abinci tana 'yar waƙarta, ga hawan jinin da likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali. Na ce bari a tashi. Da aka tashi na ce bari mu isa gida. Har da wata wauta a raina, wai ƙila Doctora ta ɗauke shi surutun kasuwa ta bar shi a kan benci.

Muna cikin keke da tukwane a kan cinya wayata ta fara ruri. Zauren hirar 'yan ajinmu ne na waya. Wata ta rubuta cewa Doctora ta koma ɗakin koyon aiki, ta durƙusa da gwiwoyinta ta leƙa ƙarƙashin gadajen, inda ba wanda ya tuna ya ɓare tambarin kwalejin Trujillo. Wani ya ce ta nemi takardun sayen kayan, an yi ta kallon-kallo. Wata ta ce ta ji da kunnenta matar tana cewa za ta sake dawowa, kuma ba za ta faɗi rana ba. Sai saƙonni suka ɓarke, masu kuka, masu zagi, masu cewa duk munafukin da ya kai tsegumi Allah ya tona shi. Wani ya rubuta cewa in ya san gidan mutumin, shi da kansa zai je. Na kife wayar a kan murfin tukunya, Mama tana gefena tana lissafa waɗanda za a gayyata.

Na rubuta wa Gilmer, ya karanta bai amsa ba. Na kira, ya kashe. Rana na shirin faɗuwa na ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Bai shigo ba. Na same shi jingine da bango, rigar da ya sha guga da safe ta jiƙe da gumi, ya kwance ɗamarar wuya ya cusa a aljihu. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce Don Hildebrando ya tara su ya zage su tas, shi ya fi kowa shan zagi, har da tuna masa sana'ar ubansa a gaban mutane. Doctora ba ta faɗi inda ta ji ba, amma mai gadin ƙofa ya ce ya ga ta daɗe a rumfar Doña Edelmira, kuma ya ga ni ma ina wurin. Don Hildebrando yana son suna kafin safiya.

“Ku biyu ne, Cielo. Ko ke ko ita.”

Na juya na dubi labulen ƙofa. Daga ciki ina jin Mama tana ja da Papa a kan inda za a sa teburi.

Ya matso ya kama hannuna, muryarsa ta yi laushi. “Ni na san Doña. Kowa ya san ta, bakinta ba ya riƙe magana. Ki ce mini ita ce, shi ke nan. In je in ce masa tsohuwa ce ta yi suɓutar baki, ba da nufi ba. Zai huce a kaina. Rumfa ce kawai za a tasa daga ƙofar, ta nemi wani wurin.”

“Rumfa ce kawai,” na maimaita.

“Ina nufin ba ƙarshen duniya ba ne. Mu kuma Lahadinmu tana nan.”

“In kuma ni ce?”

Ya saki hannuna. “In ke ce, to kin dube ni da safe kin yi abin da na roƙe ki, kin zagaya da rana kin soke ni. Mahaifiyata ba za ta tako gidan nan ba. Ni ma ban san da wane ido zan dube ki ba. Amma ba ke ba ce, na sani. Faɗa mini kawai.”

Jama'a, gaskiya yake nema, kuma gaskiyar tana bakina, ba sai na ƙirƙiro komai ba. Kalma biyu ce: ita ce. Da na faɗa, da yanzu ina gwada takalmin Lahadi. Amma sai na ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan. Kafin gari ya waye sunan Mama ya shiga zauren nan da ake neman gidan mutum. Yaran da ta ciyar bashi, iyayen da suke gaishe ta a coci, duk za su nuna ta da yatsa su ce ga wadda ta rufe mana makaranta. A ƙarƙashin teburin rumfar nan na yi rarrafe, a kan bencinta na yi aikin gida na firamare. Mafi muni, ita kanta za ta sani. Za ta san cewa da bakinta, garin yabon surukinta, ta rushe abin da ta ƙone hannuwanta tana ginawa. Na san uwata. Rashin rumfa ba zai kashe ta ba, wannan sanin ne zai kwantar da ita.

Kuma wani abu ya dame ni game da shi, yadda ya zo da amsarsa a shirye, ya riga ya auna wadda ta fi arha a cikinmu. Ina sonsa a lokacin, ina sonsa yanzu da nake rubutun nan, amma na ji haushinsa har cikin ƙashina.

“Ni ce,” na ce.

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai ji daidai ba. “Cielo, ba lokacin wasa ba ne.”

“Ni ce na gaya mata. Mama tana can tana zuba abinci, ba ta ma san an yi ba. Na kasa riƙewa, Gilmer. Na gaya maka tun farko bakina ba zai iya ba.”

Abin da ya ba ni tsoro, ƙaryar nan ta fito mini da sauƙi fiye da ta safe, har na ji kamar da ma abin da ya kamata in yi ke nan. Ya tsaya yana kallona. Na ga lokacin da ya yarda. Ya sa hannu ya share fuska, ya juya ya kama kan babur.

Daidai nan labule ya ɗaga, Mama ta leƙo da wuƙa a hannu ɗaya da albasa a ɗayan, fuskarta fal fara'a.

“Au, ɗana, kai ne a waje kamar baƙo? Gara da na gan ka. Ku nawa za ku zo ne? In da kawunnanka na Ferreñafe, agwagwa biyu ba za ta isa ba, gobe da sassafe nake son in sa a kama. Biyu ko uku?”

Gilmer ya cire hular kwanonsa daga madubi, ya gaishe ta da ladabi kamar kullum. Bai dube ni ba.

“Ki tambayi Cielo, Doña,” ya ce. “Ita ta san ko mu nawa ne.”

Ya tayar da babur ya tafi. Mama ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ta girgiza kai ta ce yaron nan gajiya za ta kashe shi. Sannan ta juyo gare ni, tana murmushi, tana goge wuƙar a jikin zaninta.

“To, amarya, ina jin ki. Biyu ko uku?”